Hannu Ɗaya Aka Shafa Wa Mai

Ranar Talata da tsakar rana aka mayar da goron Hayatu.

Luba na tsakar gida tana tankaɗe garin bagaruwa, sai ta ga Goggo Dela, ƙanwar mahaifinta, ta fito daga turakar Baba da ƙwarya a ka. An rufe ta da faifai, an ɗaure da jan ƙyalle. Tun daga nesa Luba ta gane ta. Ita ce mutanen Hayatu suka kawo bara, ranar da suka zo tambayar aurenta. Goron ciki an daɗe da rabawa an cinye, don haka sai da Baba ya aika kasuwa aka sayo sabo, fari tas, aka cika ta yadda ta zo.

Rariya ta suɓuce daga hannun Luba.

"Goggo, ina za ki da wannan?"

"Inda ta fito."

"Wa ya ce?"

"Wa ke cewa a gidan nan? Ubanki mana." Goggo ta gyara gammo. "Ki haɗiye kukan nan. Wata rana da ƙafarki za ki zo ki durƙusa ki ce usoko, na gode Goggo, kin cece ni."

"Daga me?"

Goggo ta dubi ƙofa, ta dubi katanga, sannan ta rage murya kamar mai tsoron kada kalmar ta ji an kira ta, ta waiwayo.

"Daga kuturta. Kuma ki sani, Juma'a ta sama mutanen Lukmanu za su zo. Ubanki ya ce su zo."

Duk wanda ya zauna unguwar Rumde Ajiya ta Garwa a shekarun nan ya san Hayatu, ɗan Alhaji Wada dillalin shanu. Ba shanun ubansa suka sa aka san shi ba, ƙiba ce. Dorina ake ce masa. In ya bi ta gadar Binuwai, masunta kan leƙa ruwa su yi kira, "Ku fito, ɗan'uwanku ya zo gaisuwa!" Shi kuwa sai dariya, irin wadda ke girgiza shi tun daga wuya har gwiwa. Wannan dariyar Luba ta fara so, kafin ta so mai ita.

Amma ƙibar ta zo ta wuce wasa. Sujada ta gagare shi, sai dai a zaune. In ya kishingiɗa numfashinsa kan tsaya cik, sai an girgiza shi ya dawo. Wani likita Bature ya gaya wa Alhaji Wada cewa zuciyar ɗansa ba za ta ƙara jan wannan kaya shekara biyu ba. Alhaji ya sayar da garke guda ya sa shi a jirgin sama zuwa Faransa. An ce kujera biyu aka kama masa. A can aka buɗe cikinsa aka rage masa hanyar hanji, yadda abinci zai wuce bai tsaya ya zama kitse ba. Mahautan Garwa, da yake sun san tsawon hanjin sa da na rago, sai da suka yi wata guda suna gardamar kamu nawa aka rage.

Ya dawo ya fara narkewa kamar man shanu a rana. Cikin wata goma rabinsa ya tafi. Ranar da goshinsa ya taɓa ƙasa a masallaci, karon farko cikin shekara shida, sai da liman ya yi sallama bai ɗago ba, saboda kuka.

Fata ce kawai ta ƙi bin sa cikin murna. Ta bushe, ta yi furu-furu, ta tsattsage kamar bakin tabki da rani, tana zubar da ɓawo kamar dusa. Da da rani ne, ba wanda zai kula. To amma damina ce tsaka. Jiragen ruwa sun cika tasha, kowa a gari yana naso da gumi, gishiri ma jiƙewa yake a cikin buhu. Hayatu kaɗai ne a bushe.

Lukmanu ne ya fara furta kalmar. Mahauci ne, kyakkyawa, mai ɗan babur mobilet ja, kuma daga gidansu ake kawo wa Baba ɗanyun fatu. Sau biyu ya nemi Luba, sau biyu ta ce a ba shi haƙuri. Ya ga hannun Hayatu wurin alwala, bai ce komai ba sai "Allah Ya raba mu da ciwon da ba a faɗar sunansa." Kafin Juma'a biyu, na dama da na hagun Hayatu a sahu sun fara barin gurbin mutum guda tsakaninsu da shi.

* * *

Washegari Luba ta tafi shagon ɗinkin Madam Léontine, inda take aiki shekara huɗu ke nan. Ta zauna a keke, ta yi ta taka shi ba zare a allura, ba ta sani ba.

"Ma fille, 'yata, iska kike ɗinkawa?" in ji Madam.

Kafin ta amsa, inuwa ta rufe ƙofa. Dā inuwar nan takan rufe ƙofar duka. Yanzu ko rabi ba ta kai ba.

Hayatu ne, da ƙunshin tsoffin rigunansa. Tun da ya fara ramewa yake kawo su a rage, kuma daga kowace riga sai an fitar da biyu har da hula. Hannayensa na ɓoye cikin hannun riga, duk da zafin da ake yi.

"Sannunku da aiki," ya ce, idonsa a ƙasa. "Waɗannan ne na ƙarshe. In an gama a aika mini gida. Ba sai na dawo ba."

Madam ta dube su, ta ce za ta duba gawayin dutsen guga. Ta koma bayan labule, inda kunnenta zai iya aiki.

"Ba sai ka dawo ba?" in ji Luba. "Ƙwarya aka mayar maka, ɗan Alhaji. Ni ka ga an saka ni a ciki?"

"Lubabatu, Baba ya yi daidai."

"Kai ma ka yarda da maganar Lukmanu?"

"Ban san abin da zan yarda da shi ba." Ya zauna a bakin benci, can nesa da ita. "Na je lopital, amfirme, malamin asibitin nan, ya duba ya ce ba ita ba ce, ya ba ni takarda. Na nuna wa mutane, suka ce ai ɗan mai shanu ne, kowace takarda yake so zai samu. Wata huɗu ke nan ba wanda ya ba ni hannu. Kwanona daban, butata daban. Jiya na miƙa wa mai goro hannu, sai ya dafe ƙirji ya ce jam, jam, lafiya lau, kamar bai gani ba. In kika aure ni, haka za a yi miki. Wa zai ƙara kawo miki ɗinki?"

"Sai in ɗinka naka. Suna da yawa."

Ya so ya yi dariya, hawaye suka riga ta.

"Lokacin da nake Dorina ana mini ba'a, amma ana dafa ni. Na roƙi Allah Ya sauke mini kaya, Ya sauke, kuma wallahi na gode Masa, kullum goshina a ƙasa. Ban san cewa da kayan za a tafi da mutane ba."

Luba ta miƙe, ta share fuska da gefen mayafi.

"Nuna mini hannun."

"A'a."

"A gidan majemi aka haife ni. Fata ba ta ba ni tsoro. Nuna mini."

Ya daɗe kafin ya naɗe hannun riga. Fatar ta yi masa yawa, ta sauko daga dantse kamar rigar aro. Ta yi toka-toka, wani wuri ja, wani wuri ya dare har da ɗigon jini. Luba ta sunkuya ta duba sosai, ba ta taɓa ba. Sai ta ga sawu, layi-layi, duk sun bi hanya ɗaya.

"Me ke karce ka haka?"

"Dutse."

"Wane dutse?"

"Na goge kaushi. Sau uku a rana nake wanka da ruwan zafi, da sabulun wankin kaya, mai ƙarfin nan. In goge, in goge, har ɓawon ya fita. Kafin la'asar ya dawo, sai in ƙara."

"Mai fa? Kana shafawa?"

Ya dube ta kamar ta yi saɓo.

"Mai? Ni da aka yanka ni saboda mai? Ko kusa ba na bari ya taɓa ni. Fata tana sha, Lubabatu. In ya shiga ya koma ciki fa?"

Labule ya yaye da ƙarfi. Madam Léontine ta fito, hannu biyu a ka.

"Mon Dieu! Wannan mutum, an cire maka hanji ne ko hankali?"

Luba ta tsaya tana kallon hannun. Ta taɓa ganin irin wannan, ba sau ɗaya ba. Amma ba a jikin mutum ba.

* * *

Majemar Malam Usmanu, mahaifin Luba, tana bayan gida, a gindin bishiyoyin dalbejiya uku. Mutumin Bogo ne, a Marwa ya koyi jima, kuma ana cewa in an rufe masa ido aka ba shi fata, zai faɗi ko akuyar ta sha ruwan kogi ko na rijiya. Mutum ne mara yawan magana, ya fi hira da fatu.

Ranar Alhamis da safe yana tsugune bakin tukunyar bagaruwa, sai ga Luba da wata fatar akuya da ta kwana biyu a kan rufin rumfa. Ta ƙandare kamar faranti. Luba ta wuce ta gabansa, ta jefa ta cikin ramin shara.

"Ke!" Baba ya miƙe. "Me kika yi?"

"Ta lalace, Baba. Ciwo ne da ita."

"Wa ya gaya miki?"

"Na gani da ido. Kuma an faɗa."

"An faɗa!" Ya shiga ramin da kansa ya ɗauko ta, yana kakkaɓewa. "Shekara ashirin da biyu kina cin tuwon majema, ba ki san a nan ba a jefar da fata da ido ba? Sai an taɓa ta. In ana shakka a raba ta biyu, a ba rabi mai, a bar rabi, a jira kwana bakwai. Wannan toka ce ta yi mata yawa, aka karce ta fiye da ƙima, aka bar ta ba mai. Wane ciwo?"

Luba ta durƙusa a gabansa, gwiwa biyu cikin laka.

"To Baba, fatar akuya ke nan. Ta ɗan mutum fa?"

Ruwan daren jiya na ɗiga daga ganyen dalbejiya cikin tukunya, ɗis, ɗis.

"Tashi ki shiga gida."

"Ba zan saɓa maka ba, Baba. In ka ce Lukmanu, zan tafi ko da kuka. Amma ka taɓa shi tukuna. Kai ne ba ka taɓa yanke wa fata hukunci daga nesa ba. Sau ɗaya ka leƙa shi daga zaure, ka juya baya."

"Kin san dalilin da na juya?" Muryarsa ta canja, ta zama wadda ba ta taɓa ji ba. "Ina da ƙane, Mahamman. Ba ki san shi ba, ba a ambatonsa. A Bogo abin ya fito masa, tabo ɗaya a dantse. Masu duba kutare suka zo a kan babur, suka rufe masa ido, suka soka masa allura a wurin. Yana ta murmushi, yana tambaya ko sun fara. Aka kai shi bayan gari. Shekara tara ina kai masa abinci, in ajiye a kan dutse in ja da baya. Har ya rasu ban riƙe hannunsa ba. Ni majemi, mai dama kashin tattabara da hannu, na ji ƙyamar ƙanena."

Ya juya mata baya, yana shafa busasshiyar fatar.

"Ba zan iya tsayawa a kan wani dutsen in ajiye wa 'yata abinci ba."

Luba na kuka, shi ma kafaɗunsa na motsi. Can ya ja numfashi.

"Ki aika masa. Gobe bayan an karya, ya same ni a nan. Ta ƙofar baya, kada Dela ta gani."

* * *

Akwai wata ɓaraka a jikin zanar da ta raba majema da madafi. Nan Luba ta maƙale ido ranar Juma'a.

Baba ya sa Hayatu ya cire riga ya zauna a kan turmi. Ya ɗaure masa ido da rawaninsa. Sannan ya tsinci gashin tattabara a ƙasa, ya karyo ƙayar bagaruwa.

"In ka ji wani abu ka faɗa," in ji Baba.

Ya zaɓi wurin da ya fi muni, wani farin tabo a ƙasan haƙarƙari. Ya yi bisimilla. Ya ɗora gashin a hankali, kamar mai tsoron tada barci.

Hayatu ya zabura, turmi ya kife, ya faɗi ƙasa yana ƙyalƙyala dariya.

"Wayyo Baba, don Allah! Cakulkuli! Ba na jurewa!"

Dariyar nan ce, ta dā, ba abin da likitocin Faransa suka rage mata. Tattabaru suka tashi fir daga kan rumfa. Luba ta toshe baki da mayafi, tana dariya tana kuka.

Baba bai yi dariya ba. Ya bi tabo-tabo, da gashi da ƙaya, baya da ciki da yatsu, ko'ina Hayatu na tsalle. Da ya gama ya jefar da ƙayar, ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da tafin hannu ya daɗe. Sannan ya kama dantsen Hayatu, ya murza fatar tsakanin yatsa biyu, ya ja ta, ya sake ta, ya shinshina.

"Wane azzalumin majemi ne ya yi wannan aiki?"

"Ni ne, Baba."

"Da kai almajirina ne a sana'a, da yau ka bar gidan nan. Fatar da ta yi shekaru tana zaune a kan kitse, rana ɗaya aka janye mata shi, maimakon ka lallashe ta sai ka bi ta da dutse?" Ya ɗauko wani ɗan kasko mai murfi. Man kaɗanya ne, wanda yake haɗawa da ɗan man gyaɗa don fatun da za a yi jakar Alƙur'ani da su. "Wannan ba ya wuce fata. Shekara arba'in hannuna na cikinsa, ka ga na yi ƙiba?"

Ya yayyafa wa hannun dama ruwan randa mai sanyi, ya ɗan tsane shi, tun da damshi ya shafa man, yana murzawa daga yatsu zuwa kafaɗa.

"Busasshiyar fata ba ta karɓar mai, sai da lema. Ka riƙe wannan. Daga yau ba dutse, ba ruwan zafi, ba sabulun nan. Ka yi ta kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan duk yini. Ka ci ƙwai da hanta da kifin kogi, ko loma uku ne. Kullum da safe ka zo in shafa maka da kaina. Ga kaskon, ka tafi da shi, ka ƙara bayan kowace alwala." Ya ɗaga yatsa. "Amma hannun dama kaɗai. Na hagu ko ɗigo kada ya gani, har Juma'a. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Ban ce na ba ka ba. Mutanen Lukmanu na nan zuwa, ni na ce su zo."

* * *

Kwana bakwai nan sun yi wa Luba tsawon shekara.

A rana ta uku Goggo Dela ta gano. Ta tsaya tsakar gida tana tafa hannu, tana cewa yayanta ya haukace, ya mai da majema lopital. A rana ta huɗu ɗanyun fatu ba su zo daga mahauta ba, abin da bai taɓa faruwa ba ko ranar Salla. Baba ya dubi igiyar shanya ba komai a kanta, ya ce dama tukwanen na bukatar hutu.

Kullum da safe Luba na bakin ɓaraka. Tana ganin hannun dama na sauya kama, tokar na ja da baya, baƙin na dawowa. Tana kuma ganin na hagu. Da aka daina goge shi sai ɓawo ya taru, ƙaiƙayi ya tashi. Tana ganin Hayatu na cije leɓe, yana danna hannun a jikin turmi.

Ranar Laraba ta kasa daurewa. Da Baba ya shiga ɗauko ruwa, ta yi raɗa ta cikin zana.

"Ɗan Alhaji, ka ɗan shafa kaɗan. Wa zai sani?"

Bai waiwayo ba.

"Ni zan sani. Shi ne mutum na farko da ya taɓa ni cikin wata huɗu, Lubabatu. Da ya ce in bar shi shekara, zan bari."

* * *

Bayan an sauko daga masallaci ranar Juma'a, mobilet ja ta tsaya a ƙofar gida. Lukmanu ya tsaya waje cikin farar shadda, kawunsa Hamadu da dattawa biyu suka shiga zaure da ƙwaryar goro wadda ta fi waccan girma. Luba na bayan ƙofar ciki, Goggo na riƙe da zanenta kamar za ta gudu.

An gaisa, an tambayi ruwa da iyali. Hamadu ya turo ƙwarya gaba. Baba bai taɓa ta ba.

"Kafin nan, Hamadu, ina da fata biyu da nake so ka duba mini. Kai mahauci ne, idonka ya san lafiya da cuta." Ya ɗaga murya. "Shigo."

Hayatu ya shigo. Dattawan nan suka tattare rigunansu, suka matsa jikin bango.

"Naɗe na dama."

Ya naɗe. Har yanzu fatar ta yi masa yawa, wannan ba mai gyara shi sai Allah. Amma baƙa ce sumul, tana sheƙi, tsagar duk ta haɗe, sai ɗan sawu kaɗan.

"Na hagu."

Wani dattijo ya ce subhanalla. Hannun ya yi fari fat kamar an tsoma shi a gari, gwiwar hannu ta dare.

"Mutum ɗaya, jini ɗaya," in ji Baba. "Wannan ya sha mai kwana bakwai, wannan bai sha ba. Hamadu, a iya saninka, akwai kuturtar da man kaɗanya ke korewa cikin mako?"

Hamadu ya matso, ya duba wannan, ya duba wancan. Dattijo ne mai tsoron Allah, ko da yake abin bai yi masa daɗi ba.

"Babu, Malam. Wannan bushewa ce." Ya dubi Baba. "Amma in dai haka ne, ai tun ranar farko ka sani. Me ya sa ka bar mu muka ɗauko ƙafa?"

"A bainar jama'a aka ɓata shi, a bainar jama'a za a wanke shi. Ku yafe mini wahalar hanya." Baba ya kamo hannun hagun, ya ɗaga shi sama. "Lafiyarsa kam tun ranar na sani. Wannan hannun nake jira in gani. Na ba shi kasko cike da magani ya tafi da shi gida, inda ba idona. Kwana bakwai ƙaiƙayi na cinsa, magani na gefensa, ba abin da ya hana shi sai maganar da ya yi da ni. Ku duba. Ko ɗigo."

Ya juya ga Hayatu, ya miƙa masa hannu, irin miƙawar gaisuwa.

Hayatu ya tsaya yana kallon tafin kamar bai san abin da ake yi da shi ba. Sannan ya kama da hannu biyu, mai sheƙi da mai toka, ya durƙusa, ya kifa goshi a kai.

"Baba, na gode. Na gode. Ban san da bakin da zan..."

"Ni ke da godiya, ɗan nan," in ji Baba, a hankali, yadda sai na kusa zai ji. "Shekara talatin ina neman hannun da zan riƙe."

Hamadu ya tashi ya ɗauki ƙwaryarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya sauya ta zuwa hagu, ya miƙa wa Hayatu dama. Sauran biyun suka bi bayansa. A waje aka ji mobilet ta ƙi tashi, sai da aka tura ta.

Luba ta sulale ta zauna a ƙasa, ba abin da bakinta ke iya faɗa sai alhamdu lillahi. Goggo Dela ta saki zanenta, ta yi tsaki, ta share ido da sauri.

"To, ni dama me na ce? Cewa na yi a bincika."

"Dela!" Baba ya kira daga zaure. "Ƙwaryar nan da kika kai ranar Talata, kin san hanya. Ki je ki ba Alhaji Wada haƙuri, ki dawo da ita."

"Da tsakar ranar nan?"

"Da ita kika kai."

Goggo ta shiga neman gammo tana gunaguni. Baba ya sake kira, wannan karon muryarsa a sake.

"Luba, miƙo mini ruwan randa da kaskon nan. Hannun nan na hagu ya yi haƙuri ya isa."

Ta kawo, ta miƙa ta bayan ƙofa, kanta a sunkuye. Ba ta tafi ba. Ta tsaya tana jin Baba na yayyafa ruwa, yana faɗan mutanen da ba su san darajar fata ba. Can yatsansa ya kuskure ya taɓa haƙarƙari, dariyar Hayatu ta fashe ta cika zaure, ta fita har titi.